Gaishe-Gaishen Malayu da Tarihin da Ke Cikinsu

Gabatarwa

Duk alhajin da ya taɓa zaman jiran salla a Harami, da wuya a ce bai haɗa sahu da mutanen nan da ake kira Jawa a Makka ba, watau alhazan Malesiya da Indunisiya da maƙwabtansu. Idan biyu daga cikinsu suka gamu, bayan sallama, ɗaya zai ce "Apa khabar?", ɗayan kuma ya amsa da "Khabar baik." Ma'anar "apa" ita ce mene, "baik" kuwa mai kyau. Ashe ke nan abin da suke faɗa bai wuce abin da Bahaushe yake faɗa ba idan ya ce "Ina labari?", aka amsa masa da "Sai alheri." Haka kuma "khabar" da "labari" kalma ɗaya ce ta Larabci, watau "al-khabar". Hausa ta are ta tare da lam ɗin da ke farkonta, Malayu ta are ta ba tare da shi ba. Tsakanin Kano da Kuala Lumpur akwai tazarar fiye da kilomita 10,000, amma ga kalma ɗaya tana aiki ɗaya a bakin mutanen garuruwan biyu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun gaishe-gaishen yau da kullum na harshen Malayu, domin a nuna cewa hawa-hawa suke, kuma kowane hawa yana da zamanin da ya aza shi. Za mu ga waɗanda suka samu shiga cikin gaisuwar wannan al'umma, da waɗanda suka mulke ta shekaru aru-aru amma gaisuwa ta rufe musu ƙofa. Za mu kuma ga cewa gaisuwar da littattafan koyon harshe suke fara koya wa baƙo tana cikin ƙannen gaishe-gaishen.

Harshen da Masu Shi

Masu harshen suna kiran kansu "Melayu", shi ya sa a nan muka kira harshen Malayu, mutanen kuma Malayawa. Shi ne harshen ƙasa a Malesiya da Burunai da Singafo, kuma daga gare shi aka gina harshen ƙasa na Indunisiya. In aka haɗa duka, masu magana da shi sun haura miliyan 200. Yana cikin babban gidan harsunan tsibirai wanda ya shimfiɗu tun daga Madagaska, a gefen Afirka, har zuwa tsibiran tsakiyar tekun Fasifik.

Abin da ya ɗaukaka Malayu a kan danginsa shi ne mazauninsa. Mashigin ruwan Malaka, wanda ya ratsa tsakanin tsibirin Sumatara da zirin Malaya, shi ne hanyar jiragen ruwa tsakanin Indiya da Sin. A zamanin jirage masu tafiya da iska, ba a ƙetare wannan teku sai da izinin iskar shekara, wadda takan kaɗa daga kudu maso yamma wajen watan Mayu zuwa Satumba, sannan ta juya daga arewa maso gabas wajen Nuwamba zuwa Maris. Saboda haka falken da ya sauka dole ya yi watanni yana jiran iskar komawa gida. Mai jiran watanni kuwa sai ya kama ɗaki, ya shiga kasuwa, ya san maƙwabta, wani ma ya yi aure. A irin wannan zama ne kalmomi suke sauya hannu.

Gaisuwar Ƙauye

Idan muka auna da asalin kalmomi, hawan da ya fi tsufa shi ne wanda har yau ake ji a "kampung", watau ƙauye. Mutum yana tafe a hanya, sai wanda ke zaune a barandar gidansa ya ce masa "Hendak ke mana?" ko a taƙaice "Nak ke mana?", ma'ana ina za ka. In kuwa dawowa yake, sai a ce "Dari mana?", daga ina. Baƙon da bai san al'ada ba yakan ɗauka bin diddigi ake yi masa, alhali mai tambayar ba bayani yake jira ba. Ya isa a ce "Jalan-jalan", watau ɗan yawo, ko "Makan angin", wanda fassararsa kai tsaye ita ce cin iska. Bamalaye cin iska yake yi a inda Bahaushe yake shan ta.

Ta biyu ita ce "Sudah makan?", watau ka riga ka ci abinci? Amsarta ɗayan biyu ce: "Sudah", na riga, ko "Belum", tukuna. Ba a amsa ta da a'a, domin a wurinsu wanda bai ci ba zai ci. Wannan gaisuwa ta manoman shinkafa ce, mutanen da harshensu ya ware suna uku ga abu ɗaya: "padi" tana gona, "beras" bayan an cashe, "nasi" bayan an dafa. Sinawan da ke zaune tare da su suna da irin wannan gaisuwa a nasu harshen.

Kalmomin da aka gina waɗannan gaishe-gaishe da su na gado ne. "Jalan", hanya, ita ce "lalana" a harshen Madagaska, ita ce kuma "daan" a harshen Tagalog na Filifin. "Angin", iska, ita ce "hangin" a Tagalog, saiwar "makan" kuma ita ce "kain" a can. Godiyarsu ma ta gado ce: "Terima kasih", inda "terima" take nufin karɓa, "kasih" kuma ƙauna.

Tsarin gida ma ya bar alamarsa. Gidan gargajiya na katako ne, a kan dirkoki, ana hawansa da tsani. Baƙo yakan tsaya a gindin tsani ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa daga randar da aka ajiye a wurin. Maigida zai ce masa "Jemput naik", watau bismilla hau, a inda mu muke cewa shigo. A da, abin da ake fara miƙa masa shi ne akwatin ganyen "sirih" da ake taunawa, wanda matsayinsa a wurinsu ya yi kama da na goro a wurinmu. In zai tafi sai ya "minta diri", watau ya roƙi a ba shi kansa.

Wani abin lura shi ne gaisuwa ba ta cika sai da sunan dangantaka, ko da kuwa ba a san mutum ba. Sa'an uba "pak cik" ne, sa'ar uwa "mak cik", wanda ya ɗan girme ka "abang" in namiji ne, "kakak" in mace ce, na ƙasa da kai kuwa "adik". (Harafin c a rubutunsu na yanzu furucinsa ɗaya da na Hausa.) A cikin dangi har jerin haihuwa ake ambata: "Pak Long" shi ne ɗan fari a cikin 'yan'uwan iyaye, "Pak Ngah" na tsakiya, "Pak Su" auta. Yaro ma idan yana magana da babba yakan kira kansa da sunansa, don gudun cewa ni a gaban manya.

Zamanin Sanskirit

Rubutu mai kwanan wata mafi tsufa da aka samu da tsohuwar Malayu yana jikin wani ɗan dutse da aka tono a Kedukan Bukit, kusa da Palembang a Sumatara, a 1920. An rubuta shi wajen shekarar 683 Miladiyya, da haruffan Pallawa na kudancin Indiya, a zamanin daular Sriwijaya. Kalmar farko a jikinsa ita ce "swasti", kalmar Sanskirit ta fatan alheri. Ke nan abin da tarihi ya fara ji daga bakin wannan harshe gaisuwa ce, kuma ta aro. Sriwijaya cibiyar addinin Buda ce a lokacin, har wani malamin Sin mai suna Yijing ya yi wata shida a can a 671 yana koyon nahawun Sanskirit kafin ya wuce Indiya.

Wannan zamani ya bar wa harshen kalmomin ladabi da yawa. "Sila", wadda ake cewa idan ana gayyatar mutum ya zauna ko ya ci abinci, daga kalmar Sanskirit ta kyawun ɗabi'a take. "Bahasa", harshe, daga can take, kuma a wurin Malayawa ma'anarta ta haɗa da iya zama da mutane, shi ya sa idan aka ce mutum ba shi da "bahasa" ana nufin ba shi da tarbiyya. Amsar godiya, "Sama-sama", daga "sama" take, watau daidai. Hatta "sudah" da muka gani a gaisuwar ƙauye, masana asalin kalmomi suna danganta ta da Sanskirit, abin da ke nuna cewa hawa-hawan nan sun daɗe da cuɗanya.

Mafi muhimmanci ita ce "saya", wadda a yau ita ce ni ta ladabi. Tsohuwar siffarta "sahaya" ce, kuma a Malayu ma'anarta bara ko bawa. Mutum yana ƙasƙantar da kansa a gaban wanda ya fi shi, ya ce baranka, har kalmar ta lashe ta zama wakilin suna na kowa da kowa. "Aku", ni ta asali, ta koma ta tsakanin abokai, da kuma ta ganawa da Ubangiji a addu'a.

Shigowar Musulunci

A ƙarshen ƙarni na 13 aka fara samun sarakuna Musulmi a arewacin Sumatara. Kabarin Sultan Malikus Salih na Samudra Pasai yana ɗauke da shekarar 696 Hijira, daidai da 1297. Ibn Baɗuɗa ya sauka a wannan gari wajen 1345, ya tarar da sarki Bashafi'e mai son zama da malamai. Shi ne kuma matafiyin da ya iso Takadda a 1353, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Mutum ɗaya ya ga bakin duniyar Musulunci ta gabas da ta yamma cikin shekara takwas, a daidai lokacin da Larabci yake shiga harsunan ɓangarorin biyu.

A zirin Malaya kuwa, shaida mafi shahara ita ce dutsen Terengganu, wanda aka gano a Kuala Berang, kuma mafi yawan masana suka tafi a kan cewa na shekarar 702 Hijira ne, watau 1303. An rubuta shi da haruffan Larabci da aka yi wa ƙari don su dace da Malayu. Wannan rubutu shi ake kira Jawi, kuma shi ne takwaran ajaminmu. Duk da cewa dokokin Musulunci dutsen yake shelantawa, a cikinsa an kira Allah da "Dewata Mulia Raya", laƙabin da ya fito daga tsohon zamani. Sabon addini ya fara magana da tsofaffin kalmomi kafin nasa su zauna.

Da suka zauna kuwa, sai suka mamaye gaisuwa. "Assalamualaikum" ta zama mabuɗin kowace haɗuwa tsakanin Musulmi. Musafaha ma sunanta "salam": a miƙa hannu biyu a taɓa na juna a hankali, sannan a mayar da su ƙirji, yaro kuma ya sunkuya ya kai hannun babba goshinsa. "Khabar" ta shigo, "maaf" ta neman afuwa ta shigo, kuma saiwarta ɗaya da "afuwa" ɗin tamu. Sai uwa uba "selamat", daga "salama" ta Larabci, watau kuɓuta da aminci. Ga mutanen da rayuwarsu take kan teku, babu fatan da ya wuce wannan. Shi ya sa bankwanansu ya rabu biyu: mai zama yana ce wa mai tafiya "Selamat jalan", aminci a hanya, mai tafiya kuma yana ce wa mai zama "Selamat tinggal", aminci a zama. Wanda ya iso a ce masa "Selamat datang".

A ranar ƙaramar salla ake ganin cikar wannan hawa. Mutanen birni sukan yi ɗango zuwa garuruwansu, abin da suke kira "balik kampung". Bayan an sauko idi, 'ya'ya sukan durƙusa gaban iyaye, mata gaban miji, ƙane gaban wa, kowa ya kama hannun na gaba da shi ya ce "Selamat Hari Raya, maaf zahir dan batin." Bahaushe ba ya bukatar tafinta a rabin ƙarshe na wannan jimla: afuwa ake nema, zahiri da baɗini. Sau da yawa da hawaye ake faɗarta, domin a nan ne ake warware ɓacin ran shekara guda.

Fada da Wasiƙa

An kafa Malaka wajen 1400, kuma cikin ƙarni ɗaya ta zama babbar kasuwar gabas. Tomé Pires, Bafotugen da ya zauna a can jim kaɗan bayan 1511, ya rubuta cewa ana jin harsuna 84 a tashar jiragenta. Akwai jami'ai huɗu masu muƙamin "syahbandar", kalmar Farisanci mai nufin sarkin tasha, kowanne da rukunin baƙin da yake kula da su. Harshen da ya haɗa wannan taro shi ne Malayu, kuma daga nan ya bi jiragen fatake har ƙarshen tsibirai. Antonio Pigafetta, wanda ya bi ayarin Magellan, ya tattara kalmomin Malayu fiye da 400 a 1521. Wasiƙun Malayu mafi tsufa da suka rage su ne biyu da aka aika da sunan Sultan Abu Hayat na Ternate zuwa ga sarkin Fotugal a 1521 da 1522, alhali mutanen Ternate suna da harshensu dabam, wanda ba dangin Malayu ba ne.

Fadar Malaka da masarautun da suka gaje ta sun tsara harshen sarauta na musamman. Mai magana da sarki yakan haɗa tafukansa ya ɗaga su zuwa goshi, abin da ake kira "sembah", ya fara da "Ampun Tuanku", watau gafara ubangijina, ya kira kansa "patik". Sarki ba ya cin abinci, sai dai ya "santap", ba ya barci sai dai ya "beradu", ba ya mutuwa sai dai ya "mangkat". Kirarin mubaya'a shi ne "Daulat Tuanku", kuma "daulat" ita ce "daula" da muka sani, sai dai a wurinsu tana nufin kwarjinin sarauta da Allah ke bayarwa. Ga haɗa tafuka irin na tsohon zamani, ga kalmar Larabci, duk a gaisuwa ɗaya. Har yau ana amfani da wannan harshe a Burunai da kuma jihohin Malesiya tara masu sarakunan gado, waɗanda suke zaɓar ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa na shekara biyar.

Wasiƙar sarauta kuwa kusan rabinta gaisuwa ce. Akwai littattafan jagora da ake kira "terasul", masu bayyana kan wasiƙa da ya dace da kowane matsayi, da inda za a buga hatimi, da jerin yabon da za a gabatar kafin a zo ga magana. Wasiƙar sarki a cikin ƙyalle rawaya ake naɗe ta, a tarbe ta da kiɗa kamar sarkin ne da kansa ya zo. Kuskure a gaisuwar wasiƙa raini ne ga ƙasa.

Zuwan Turawa

Afonso de Albuquerque ya ci Malaka a 1511, Fotugawa suka riƙe ta shekara 130, har mutanen Holan suka ƙwace ta a 1641. Fotugawa sun bar wa Malayu kalmomi da dama: "meja" tebur, "jendela" taga, "bendera" tuta, "sekolah" makaranta, "minggu" mako. Amma babu gaisuwarsu ko ɗaya da ta zama ta yau da kullum a bakin Bamalaye. Sun shiga ɗaki da kayansu, ba su shiga gaisuwa ba.

Gaisuwar da ta yi tashe tsakanin Bature da ɗan ƙasa ita ce "Tabik, Tuan." Tsohuwar kalma ce ta neman gafara, wadda masana ke mayar da asalinta ga Sanskirit, kuma ta yi amfani domin Musulmi ya samu abin da zai ce wa wanda ba a yi masa sallama. Mutanen Holan sun tafi da ita gida ta zama "tabee", bankwana a harshensu. Saboda ta daɗe tana hawa daga ƙasa zuwa sama, daga bara zuwa maigida, sai ta ɗauki warin mulkin mallaka, aka yar da ita bayan 'yanci. A Malesiya yanzu "tabik" ta koma sarawar soja da ta 'yan sikawut, ko da yake 'yan'uwanta suna raye a wasu harsunan Indunisiya, kamar "tabe" ta Bugis da Makasar.

Ingilishi sun kama Penang a 1786, Singafo a 1819. A 1824 suka ƙulla yarjejeniya da Holan a Landan, wadda ta raba duniyar Malayu biyu: zirin Malaya da Singafo na Ingila, Sumatara da tsibiran kudu na Holan. Kowane ɓangare ya kafa makarantunsa, ya tsara rubutun boko nasa, na van Ophuijsen a 1901 a ɓangaren Holan, na Wilkinson a 1904 a ɓangaren Ingila.

A wannan zamani ne gaishe-gaishen lokaci suka samu gindin zama: "Selamat pagi" da safe, "Selamat tengah hari" da tsakar rana, "Selamat petang" da yamma, "Selamat malam" da dare. Alamu biyu suna nuna cewa a kan ƙirar gaisuwar Turawa aka ƙera su. Ta farko, mazauninsu aji ne da ofis da rediyo da otal. Ɗalibai sukan miƙe su ce "Selamat pagi, cikgu" da murya ɗaya idan malami ya shigo, amma manomi ba haka yake gai da maƙwabcinsa ba. Ta biyu, sun rabu daidai kan iyakar 1824: inda Malesiya take cewa "tengah hari" da "petang", Indunisiya "Selamat siang" da "Selamat sore" take cewa. Waɗannan su ne littattafan koyon harshe suke sa wa a shafin farko, domin su suka fi dacewa da abin da baƙo Bature ya saba.

Bayan 'Yancin Kai

A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasan tsibiran da Holan ke mulka suka yi taro a Batabiya, Jakarta ta yanzu, suka yi alkawarin ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, harshe ɗaya, suka raɗa wa Malayunsu suna harshen Indunisiya. Bayan shelar 'yanci ta 17 ga Agusta 1945, gwamnatin Sukarno ta ayyana kalmar "Merdeka" a matsayin gaisuwar ƙasa daga 1 ga Satumba na shekarar. Asalinta Sanskirit ne, kuma a Malayu tana nufin ɗa, wanda ba bawa ba. Ita ce Tunku Abdul Rahman ya ɗaga murya ya faɗa sau bakwai a Kuala Lumpur ranar 31 ga Agusta 1957. Mutanen da wakilin sunansu na ladabi yake nufin bara sun zaɓi gaisuwar da ke cewa ba bayi ba ne.

Sabuwar ƙasa tana bukatar hanyar kiran mutum ba tare da auna girmansa ba. A 1957 jaridar Pedoman ta Jakarta, wadda Rosihan Anwar yake edita, ta yaɗa kalmar "Anda", watau kai ko ke da ba ta duba shekaru ko muƙami. Ta karɓu a talla da sanarwa da labarai a ƙasashen biyu, amma ba ta kori "pak cik" da "mak cik" daga kasuwa ba. A 1972 ƙasashen suka daidaita rubutunsu, duk da haka Malesiya tana rubuta "khabar", Indunisiya "kabar". A manyan birane kuwa, matasa da yawa sun koma aron wakilan suna na Ingilishi, don su huta da lissafin wa ya girmi wa.

Babbar matsala ita ce ta addini. Tsarin mulkin Malesiya, a sashe na 160, ya bayyana Bamalaye da cewa Musulmi ne mai magana da Malayu mai bin al'adun Malayu. Amma ƙidayar 2020 ta nuna Musulmi kashi 63.5 ne cikin ɗari, sauran mafi yawansu Sinawa ne da Indiyawa da ƙabilun Borneo. To, da me shugaba zai buɗe jawabi? Mafitar da aka samu ita ce a yi sallama, sannan a bi ta da "Salam sejahtera", fatan aminci da wadata ga kowa. Gwamnatoci ma sun gwada ƙirƙiro nasu: "Salam Satu Malaysia" a zamanin Najib Razak, daga 2009, wadda ta bi gwamnatinsa ta tafi a 2018, sai "Salam Malaysia Madani" da gwamnatin Anwar Ibrahim ta ɓullo da ita a 2023.

A Indunisiya jami'ai sun saba jera gaisuwar addinai daban-daban a farkon jawabi, cikinsu har da "Om swastiastu" ta mabiya Hindu na Bali, wadda ke ɗauke da "swasti" ɗin nan ta dutsen 683. Majalisar Malaman Indunisiya reshen Jawa ta Gabas ta yi kira ga Musulmi su bar wannan jeri a 2019, taron fatawa na majalisar na ƙasa kuma ya haramta shi a 2024, yayin da wasu malamai da jami'ai suke kare shi da cewa ladabin zaman tare ne. Gardamar tana nuna cewa gaisuwa tana iya zama ma'aunin wanda ake lissafawa a ɗan gida.

Abin da Ya Rage a Afirka ta Kudu

Kamfanin Holan na gabas ya riƙa kai bayi da fursunonin siyasa daga tsibirai zuwa Cape Town. Cikinsu akwai Shehu Yusuf na Makasar, wanda aka kai a 1694 ya rasu a can a 1699. Jikokin waɗannan mutane sun daɗe da barin Malayu, Afirkans da Ingilishi suke yi. Duk da haka har yau suna cewa "tramakasie" don godiya, "slamat" don taya murna, "maaf" don neman afuwa, da "kanala" don roƙo, daga "karena Allah", watau don Allah. Nahawu ya tafi, kalmomin kasuwa sun tafi, gaisuwa ta rage.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abu biyu. Na farko, ƙarfin bindiga ba ya sa kalma cikin gaisuwa. Fotugawa sun yi shekara 130 ba su samu shiga ba, "tabik" ta faɗi tare da mulkin da ta yi wa hidima, gaisuwar da gwamnati ta ƙirƙiro tana iya bin gwamnatin ta tafi. Waɗanda suka zauna su ne na mutanen da aka yi maƙwabtaka da su, aka yi auratayya, aka yi ibada tare, sai kuma waɗanda makaranta ta dasa a bakin yara.

Na biyu ya shafi mai nazarin harshe. Mun gamu da kamanni iri uku tsakanin Malayu da Hausa, kuma ba ɗaya suke ba. "Khabar" da "labari", "daulat" da "daula", "zahir" da "zahiri", aro ne daga rijiya ɗaya. Cin iska da shan iska dacewar tunani ce kawai, babu wanda ya ara daga wani. "Sama-sama" kuwa dacewar sauti ce zalla, domin a can amsar godiya ce, a nan kuwa aikin da ba a yi da kyau ba ne. Kama da wane ba wane ba ce, kuma wanda bai rarrabe waɗannan uku ba zai ƙulla zumuntar da babu ita.

Hanyar da muka bi a nan tana iya aiki a gida. Wanda ya jera "sannu" da "barka" da "lafiya" da "ranka ya daɗe" da gaisuwar maƙera da ta masunta da ta fada, ya binciki asalin kowace da wanda ke faɗarta da wanda ake faɗa wa, zai samu babi na tarihin Hausawa wanda littattafan sarakuna ba su rubuta ba. Tsofaffin da suka san waɗannan gaishe-gaishe suna nan a garuruwanmu, kuma hutun ƙarshen zango ya isa a fara.